Hancin Iya

Da safe ma'aikatan hukumar kula da abinci suka buga kwaɗo a ƙofar gidan matsar man Iya, suka ɗaura masa jan ƙyalle. Kafin rana ta take babu wanda bai ji ba. Man gyaɗa mai tambarin kurciya, wanda unguwar take ci tun kafin a haifi rabin mutanenta, an auna shi an samu gauraye ne. Akwai tsohon man suya da aka wanke wa launi a ciki, akwai kuma wani farin mai wanda ba don cikin mutum aka yi shi ba, na inji ne. Yara sun yi ta gudawa, masu toye-toye na bakin titi sun rasa masu saye, tsohon nan mai gyaran takalma kuwa yana kwance a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne saurin da mutane suka yi wajen yanke hukunci, kuma da abin da suke yabon matar da shi suka kama ta. Kowa ya san Iya ba ta rufe jarka sai ta sansana. Takan ɗaga murfin ta kai hanci, ta lumshe ido, sannan ta ce a rufe. An sha ganin ta mayar da buhun gyaɗa tun daga bakin ƙofa, ba ta ko kwance shi ba, ta ce ya sha danshi. Saboda haka aka ce lissafin a fili yake: in gurɓataccen mai ya fita da kurciya a jikinsa, to Iya ta sansana ta kau da kai. Waɗanda jiya suke rantsuwa da hancinta su ne yau suka fi kowa ɗaga murya.

Sufeton da ta jagoranci aikin yarinyar mace ce, ba ta da hayaniya. Ta ce ita doka ba ta san hanci ba, sunan da ke kan lasisi ta sani, sunan kuma na Iya ne. In ba a nuna wani hannu ba kafin kotu ta zauna, Iya za ta tafi gidan yari. Tsohuwa ce mai ciwon ƙirji, kuma duk wanda ya san ta ya san in ta shiga ba da ƙafarta za ta fito ba.

A nan Mai Sawu ya shigo maganar. Ƙanin marigayi mijin Iya ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun dabbobin sata da mutanen da suka ɓata, har 'yan sanda kan aiko a ɗauke shi in abu ya cije musu. Yanzu gwiwa ta fara gardama, amma ido yana nan. Ya sami Sufeto ya roƙi ta bar shi ya duba ƙasa. Ta ce ta ji labarinsa, amma shi ɗan gida ne, don haka duk abin da ya gano sai ta gani da idonta. Ya ce hakan ma ya fi masa.

*

Gaban gidan man ba shi da amfani, 'yan kallo sun tattake shi kamar an ci kasuwa. Mai Sawu ya zagaya lungun baya, Sufeto na biye da shi tana tattare siket saboda kwata. Ya daɗe a tsugune. Ya nuna mata wasu layuka biyu a jere da suka nutse a ƙasa, ya ce duron ƙarfe ne mai zobe biyu a jikinsa, an mirgino shi cike, ba sau ɗaya ba. Sannan ya nuna mata ɗigon mai a gindin katanga. A ƙofar gaba, inda ake loda jarkoki, duk inda mai ya ɗiga kiyashi sun yi masa baƙi ƙirin. Waɗannan na baya kuwa ko ɗaya bai kusance su ba, sai ma su zo su kewaye su wuce. Kiyashi sun ƙi abin da aka ba mutane suka ci.

Ƙofar bayan ba a ɓalle ta ba, da makulli aka buɗe. Makullanta uku ne: na Iya, na babban ɗanta da ake kira Manaja saboda biron da ba ya rabuwa da aljihunsa, sai na Bakanike mai gyaran injin. Sawun ƙafa babu, domin lungun kullum sai an share shi. Sawun duron ya miƙe har bakin kwalta ya ɓace, daidai tsallaken babban shagon Dogo.

Wannan ya ishi unguwa. Dama an san Dogo ya sha neman Iya ta sayar masa da tambarin kurciya tana korarsa, don haka kafin la'asar an sauke laifi daga kan Iya an ɗora masa, har yara sun fara jifan rufin shagonsa. Mai Sawu ya same shi a ciki yana gumi. Dogo ya rantse ya maya, ya ce shi man gwangwani yake sayarwa haɗe da na Iya amma a gidansa Kurciya ake ci, ga matarsa can ba ta ko iya miƙewa. Mai Sawu bai kula da rantsuwar ba, ya shiga sito ya duba. Duk durorin Dogo na roba ne, sumul, ba za su bar layi a ƙasa ba. Yana shirin fita Dogo ya ƙara wata magana da shi Dogon bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ya ce tun bayan damina Kurciya ta yi albarka, ko nawa ya nema Manaja yana kawo masa, har ya ɗauka sabon inji suka saya.

Sai ido ya koma kan Bakanike, tunda man inji ne kuma yana da makulli. Mai Sawu ya tarar da shi a ƙarƙashin wani janareta, ya fito yana faɗa tun ba a tambaye shi komai ba. Ya ce shi baƙin mai ya sani, farin ko a ido bai taɓa gani ba, makullin kuma ga shi can a ƙusa. Mai Sawu ya ɗaga kai. Zanzaro ya yi gininsa na laka a kan zoben makullin ya haɗe shi da bango, ginin ya bushe har ya yi ƙura, 'ya'yan ma sun fashe sun tafi. Makullin nan ya daɗe bai motsa ba. Da aka tambaye shi batun sabon inji sai Bakanike ya yi dariya, ya ce wannan tsohon injin da ya girme shi, abin da yake matsewa a yini bana shi yake matsewa tun zamanin marigayi, ko an yi masa duka ba zai ƙara cokali ba. Garin nuna yadda injin yake tari ya ture galan ɗin dizal, ya wanke wa Mai Sawu hannun riga har gwiwar hannu.

Saura makulli biyu, kuma babu wanda Mai Sawu yake so zargi ya faɗa kansa a cikinsu. Ya tsaya wajen Manaja a ƙofar gida. Yaron, in za a kira mai 'ya'ya huɗu yaro, ya durƙusa ya gaishe shi, idanunsa sun yi ja. Ya ce ƙarin man daga ƙarin aiki ne, kuma lalle a hanya wani ya buɗe jarkokin.

"Baffa, kai ma ka sani," in ji shi, "babu abin da ke wuce hancin Iya."

Mai Sawu ya ce ya sani. Abin da ke damunsa ke nan. In ɗan ne ya haɗa, to uwar ta sansana ta yi shiru, ya zama ya yi wahalar bin sawu ne don ya kai mutum biyu gidan yari maimakon ɗaya.

*

Iya tana ɗakinta, an ba da belinta. Tun tana amarya, shi kuma yana ɗan yaro mai yawo a garke, suke wasa irin na matar wa da ƙanin miji. Bai taɓa shiga ɗakinta ta bar shi ya zauna lafiya ba. Takan toshe hanci ta ce ga mai warin awaki ya zo, ta faɗa masa inda ya biyo da abin da ya ci, ta ce ya koma ya yi wanka kafin ya ɓata mata shimfiɗa. Shi kuma ya ce ai da shi ta aura da ta huta. Sun tsufa a haka.

Ranar ya shiga yana ɗoyin dizal, irin wanda shi kansa yake hawa masa kai. Iya ta ce ya zauna, ta matsa masa a kan tabarma, ta tambayi gwiwarsa. Ya ɗauka damuwa ce ta hana ta tsokana. Ya zauna yana kallon ƙasa, don shi ko a ɗakin mutane ƙasa yake kallo. A kusurwar da ke bayan ƙofa ya ga shatin tsatsa zagayayye a kan siminti, inda tukunyar gas ɗinta ta yi shekara da shekaru tana zaune. Tukunyar ba ta nan. Daga shatin zuwa dokin ƙofa akwai 'yan ƙananan cizo a simintin, alamar an karkata ta an mirgina a kan gindinta, kuma da gaggawa aka yi, don har an ɓantare gefen dokin ƙofar.

Ya tambaye ta ina tukunyar. Ta ce Manaja ne ya fitar da ita tun bayan zazzaɓin da ta yi da damina, wai ɗakin ya yi ƙunci, ya kafa mata rumfar girki a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Ta ce yaron akwai tausayi. Mai Sawu ya ɗaga hannun rigarsa kamar zai gyara hula, ya bar shi dab da fuskarta. Iya ta ci gaba da magana a kan rumfar. Sai da ta ga hannun ya ƙi sauka sannan ta dubi jiƙaƙƙen yadin, ta dubi fuskarsa, maganar ta mutu a bakinta.

"Tun yaushe, matar yaya?"

"Tun zazzaɓin," ta ce. "Na tashi kawai na ji duniya ba ta da ƙanshi."

Ta ce ta yi ta jira jin ƙanshin ya dawo. Ta ci gaba da ɗaga murfi tana kaiwa hanci saboda hannu ya saba, kuma saboda masu saye suna tsaye suna kallo, abin da suka zo saye ke nan. Ta ce ba ta ga ta cuci kowa ba, tunda gyaɗar da idonta take zaɓa, da haƙorinta take gwadawa. Kuma babu wanda ya sani, ko ɗaya.

Mai Sawu ya mayar da idonsa kan shatin tsatsar. Iya ta bi idonsa da kallo. Ba a fitar da tukunyar gas daga ɗakin mai hanci da gudu, Manaja ya sani ke nan. Ya ga lokacin da abin ya isa gare ta, ta dafa bango duk da a zaune take.

Ta roƙe shi. Matar da ba ta taɓa roƙonsa ko gishiri ba ta kama hannun rigar nan mai dizal ta riƙe. Ta ce ita ta tsufa, gidan yari ɗaki ne kamar kowane ɗaki. Ta ce in ya yi shiru abu ɗaya za ta rasa, in ya yi magana ta rasa ɗa ta rasa suna, a ce wata da watanni tana wasan kwaikwayo da murfin jarka. Gara a ce da ita muguwa mai hanci. Ya zare hannunsa a hankali ya fita, bai yi mata alkawari ba.

Daga nan asibiti ya wuce. Mai gyaran takalma ya rame har ba a gane shi, 'yarsa na yi masa fifita. Tsohon ya ce shi bai yarda Iya ce ba, ko a gaban alƙali zai faɗa. Mai Sawu ya fito ya zauna a kan dakalin asibitin ya daɗe. Ya auna ta kowace fuska bai sami inda babu ciwo ba. In ya yi shiru Iya ta mutu a tsare, wanda ya haɗa man kuma yana waje da sauran duronsa. A ganina da ni ne ma faɗin gaskiyar zan zaɓa, amma faɗa daga nesa ba wuya.

*

Sufeto ta buɗe kwaɗon ta tara su a farfajiyar gidan man da hantsi: Iya a kan kujera, Manaja a tsaye bayanta, Dogo da Bakanike a kan benci suna harare-harare. Maƙwabta ba a gayyace su ba, amma sun cika katanga. Mai Sawu ya yi bayanin duron, da kiyashi, da ginin zanzaro, ya sallami Dogo da Bakanike daga zargi. Bai kai ga sauran ba Iya ta miƙe.

"Ba sai an wahalar da kowa ba," ta ce. "Ni na haɗa. Na sansana, na san abin da ke ciki, na ce a rufe."

Katanga ta ɗauki guna-guni. Manaja ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, kuma wannan shirun nasa ne ya ƙarasa yanke wa Mai Sawu shawara. Sufeto ta buɗe biro. Mai Sawu ya ce ta dakata. Ya zaro wata leda daga aljihu ya kwance, ya fito da tsumma jiƙe. Nan take Dogo ya kau da fuska, Sufeto ta ja da baya, warin kananzir ya kai har katanga. Ya miƙa tsumman gaban Iya.

"Matar yaya, mene ne wannan?"

Ta dube shi. A hankali ta ce, yadda shi kaɗai da na kusa za su ji, "Kada ka yi mini haka."

Ya sake tambaya. Iya ta karɓi tsumman ta kai hanci, ta lumshe ido kamar yadda unguwa ta saba gani. Ta ga maiƙo a yatsunta, ta yi caca da shi.

"Man gyaɗa ne," ta ce. "Sabo."

Wata mata a kan katanga ta yi dariya, ta kuma haɗiye ta da sauri. Bayan wannan ba a ƙara jin ko tari ba. Mai Sawu ya karɓe tsumman, ya ce wa Sufeto matar nan ba ta jin wari tun damina, ba za ta iya sanin abin da ke cikin jarka ba. Mutum ɗaya ne ya gane haka, kuma in tana son shaida ta je ɗakin ta ga inda tukunyar gas take a da. Sannan ya juya ga ɗan wansa ya tambaye shi me ya sa ya fitar da ita.

Manaja ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ce wata safiya ya shiga gaishe ta ya tarar ɗakin ya cika da gas, har ido yana yaji, ita kuwa tana zaune tana tsintar gyaɗa tana 'yar waƙarta, ga ashana a gefenta. Ya fitar da tukunyar da gudu. Bai gaya mata ya gane ba don kada ta ji kunya.

"Wallahi Baffa, ranar tsoro ne kawai," ya ce. "Ɗayan tunanin daga baya ya zo."

Daga baya, da Dogo ya nemi ƙari injin kuma ya gaza, sai ya tuna yanzu babu mai tsaron ƙofa. Ya fara da kaɗan, ya ga ba wanda ya yi ƙorafi. Wanda ke sayar masa da gaurayen ya ce farin man ba ya komai. Ya faɗi inda sauran duron yake, ya faɗi sunan mutumin. Duk wannan bayani Iya ba ta dube shi ba, tsumman da ke hannun Mai Sawu take kallo.

*

An ɗaure Manaja, an kama mai kawo masa, mai gyaran takalma ya warke ya koma bakin aikinsa. An mayar wa Iya lasisinta bisa sharaɗin a riƙa kai man ana aunawa. Takardar awon tana nan manne a bango da hatiminta, kuma man ya fi na da kyau, don yanzu ita da kanta take tsayawa a kan injin. Amma mutanenmu ba takarda suke saye ba. Waɗanda suka ce ta cuce su da gangan sun yafe mata cikin sauƙi, abin da suka kasa yafewa shi ne lumshe idon nan da ta yi ta yi musu a banza. Suka koma man gwangwani na shagon Dogo, wanda ba wanda ya taɓa sansana musu shi.

Mai Sawu ya yi ta kewaye layin, sai da man gidansa ya ƙare sannan ya ɗauki galan ya je. Ya tarar da ita ita kaɗai a bakin ƙofa, jarkoki jere a bayanta. Da gangan ya biyo ta turken awakin maƙwabcinsa, ko da ya san ba amfani. Ta amsa gaisuwarsa da ladabi, ta kira shi Malam, ta tambayi iyali, kamar baƙon da ya zo daga wani gari. Ya gwammace ta zage shi.

Ta sa mazurari ta cika masa galan ɗin. Ta ɗauki murfin, hannunta ya tashi da shi zuwa fuska kamar kullum, ya tsaya a rabin hanya. Ta ɗan jima a haka. Sannan ta miƙa masa.

"Sansana mana," ta ce. "Kai da ka iya."

Ya karɓa ya kai hanci. Ƙanshin gyaɗa ne tsantsa, irin wanda ya sani tun yana yaro a tsakar gidan wansa. Ya ce mata mai kyau ne. Ta gyaɗa kai ta ce to ya rufe, ta juya tana goge mazurarin.